Kowa a gidansa sarki ne: abin da kakar ƙwallon Ghana ta 2024/25 ta nuna

Ranar Lahadi, 8 ga Yuni 2025, Bibiani Gold Stars ta zura wa Accra Lions ƙwallo 4 babu ko ɗaya a filinta na Dun's Park, ta ɗaga kofin gasar Firimiyar Ghana a karon farko tun da aka kafa ta. Shekara ta uku ke nan a jere da kofin yake sauka a ƙaramin gari, a hannun ƙungiyar da ba ta taɓa jin nauyinsa ba. Medeama ta Tarkwa ce ta buɗe hanya a 2023, Samartex ta Samreboi ta biyo baya a 2024, sai ga Bibiani. Garuruwan nan duk a yammacin ƙasa suke, biyu na haƙar zinari, ɗaya na yankan katako.

A majalisun shan ataya na Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi, musun wannan magana ya rabu gida biyu. Wasu na cewa gasar ce ta girma, yanzu ba wanda yake da gadon kofi, kowa sai ya yi gumi. Wasu na cewa ba wata girma, Asante Kotoko da Hearts of Oak ne suka yi barci, yara suka ɗebe abin da ke gabansu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a ganina ba a nan gizo yake saƙa ba. Gasar Ghana a gida ake cin ta, kuma abin da yake sa gida ya yi wa baƙo wuya ba ƙafar 'yan wasa kaɗai ba ce. Wani sashe na abin da ya ɗaga ƙananan garuruwa, shi ne kuma ya jawo mana rana mafi muni a wannan kaka.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ƙungiyoyi 18 ne a Firimiya, kowace ta buga wasa 34, rabi a gida rabi a waje. Uku na ƙasan teburi su faɗa rukuni na ɗaya, wanda aka raba shiyya uku, kowace shiyya ta turo zakaranta sama. A gefe guda akwai kofin ƙalubale na FA da kamfanin MTN yake ɗaukar nauyi, inda ƙungiyoyin ƙananan rukunai suke haɗuwa da manya a wasan sili ɗaya ƙwale. Wanda ya ci gasa ya tafi kofin Zakarun Afirka, wanda ya ci FA ya tafi kofin Confederation.

To, yi lissafi da kanka. Wasan gida 17, kowace nasara maki 3, maki 51 ke nan ga wanda bai zubar da komai a filinsa ba. Ƙungiyar da ta kusa cika wannan, ta je waje ta tsinto canjaras nan da can da nasara biyu ko uku, ta riga ta shiga sahun masu neman kofi. Ba ta bukatar ta fi kowa iya ƙwallo a faɗin ƙasa. Bukatarta kada a taɓa ta a gida. Kowane koci a Ghana ya san wannan lissafin, shi ya sa za ka ga ƙungiyar da take kai hari kamar ba gobe a filinta, mako mai zuwa ta je waje ta tare bakin raga da mutum goma tana jiran usur na tashi.

Kafin in ci gaba, dole a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Gold Stars ta hau Firimiya ne a 2021, Samartex a 2022, kuma ba da addu'a kaɗai suka kai inda suka kai ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da abin da manya suka rasa: kwanciyar hankali. Mai yanke hukunci ɗaya ne ko biyu, kuɗin da ake kashewa ba shi da yawa, rayuwa a garin ba ta da tsada, kuma ba gidan rediyo goma da za su kwana suna neman a kori koci don an yi canjaras. Koci Nurudeen Amadu ya samu sarari ya gina Samartex. Frimpong Manso, wanda shi kansa tsohon ɗan bayan Kotoko ne, ya samu irin wannan sarari a Bibiani. A Tarkwa kuma kamfanin Gold Fields ya gina filin TnA da aka buɗe a Agustan 2024, fili ne da manyan birane da yawa ba su da kamarsa.

Kwatanta da abin da yake faruwa a nan Kumasi. Prosper Narteh Ogum, wanda ya ciyo wa Kotoko gasa a 2022, ya dawo karo na biyu, aka sallame shi a Afrilun 2025 ana tsakiyar neman kofi, aka miƙa wa Abdul Karim Zito ragama. Hearts kuwa, wadda ta haɗa gasa da FA a 2021, sai a ranar ƙarshe ta tsira daga faɗawa a 2024. Sunan da ya tara musu miliyoyin magoya baya shi ne ya hana su haƙuri. Kotoko ma ba ta fara wannan kaka da gidan kanta ba: bayan wasan Ghana da Angola a Satumban 2024 hukumar ƙwallon Afirka ta CAF ta janye amincewarta daga filin Baba Yara saboda lalacewar ciyawa, aka rufe shi don gyara, ƙungiyar ta koma Obuasi tana karɓar baƙi.

Yanzu mu zo kan shi gidan. Me baƙo yake tararwa? Da farko hanya. Ƙungiyar da ta tashi daga Accra za ta Samreboi ko Dormaa, ko ta nufi arewa wajen Karela United, a bas za ta yini, wani wurin kan hanyar da ruwan sama ya cinye. Sai fili, wanda mai gida ya san inda ƙwallo take tsalle da inda take maƙalewa. Waɗannan biyu ba laifin kowa ba ne, ko'ina a duniya mai gida yana da irin wannan rabo. Na uku shi ne matsalar. A filaye da yawa abin da ya raba ɗan kallo da mai riƙe tuta a gefen layi shingen waya ne kawai. Ƙofar da alƙalin wasa zai bi ya fita ita ce ƙofar da jama'a suke bi. 'Yan sandan da ke wurin ba su da yawa, kuma da yawansu a garin suke kwana suke tashi. Mutumin da ke riƙe da usur, minti 88, mai gida ya faɗi a cikin da'ira, dubban mutane suna ihu a kansa, yana kuma tunanin yadda zai kai tasha da daddare. Ba sai an ba shi ko sisi ba. Tsoro ya isa.

Ga kuma abin da ake kira dabarun waje, wanda kowa a zango ya san labarinsa: a hana baƙo shiga ɗakin canza kaya da wuri, a yayyafa wani abu a bakin ƙofa, baƙon shi ma ya ƙi bi ta ƙofar ya haura katanga. A Fabrairun 2020, a Dormaa, Aduana Stars da Kotoko duka sun buga rabin lokaci na farko da mutum goma-goma, don kowa ya yi imani cewa wanda ɗan wasansa na goma sha ɗaya ya riga shiga fili shi zai sha kashi. An yi ta dariya a ƙasashen waje. Amma abin da ke ƙarƙashin dariyar ba ƙarami ba ne. An mai da zuwa wasan waje tamkar shiga ƙasar abokan gaba, kuma an koya wa matasan gari cewa tsare gida aikinsu ne, ba na 'yan wasa goma sha ɗaya kaɗai ba.

Ranar 2 ga Fabrairu 2025 Kotoko ta je Nsoatre ta kara da Nsoatreman. Wasan ya yi zafi, aka yi rikici a cikin fili, aka ɗaga jan kati, mai gida ta ci 1 da nema. A wannan rana aka daɓa wa wani sanannen mai goyon bayan Kotoko wuƙa, wanda duk Kumasi ta sani da laƙabin Pooley, ya mutu. Mutum ne da ya bar gidansa da safe don kallon ƙwallo. Hukumar ƙwallon ƙafa ta GFA ta dakatar da gasar, ta rufe filin, ta fitar da sababbin ƙa'idojin tsaro, aka yi kusan wata guda ba a taka leda ba. Kotoko da Hearts, waɗanda ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba, suka haɗa murya suna neman gyara, har da bukatar a cire tafiyar da gasar daga hannun GFA a ba wata hukuma mai cin gashin kanta. Da aka dawo a Maris, Nsoatreman ta janye daga gasar, ta ce ba ta da tabbacin tsaron 'yan wasanta idan suka fita waje.

A duba wannan da kyau, don a nan ne duk maganar take. Ƙungiyar da watanni takwas kafin nan ta ɗaga kofin FA, ta wakilci Ghana a Afirka, ita ce ta wayi gari ba ta iya fita garinta. Katangar tsoron da take kare mai gida ranar Lahadi, ita ce take jiransa a garin wani Lahadi mai zuwa. Wasannin da suka rage mata ba a buga su a fili ba, wanda ya sa teburin ƙarshe ya ƙunshi sakamakon da ba ƙafa ce ta samar da shi ba.

Mu mutanen zango ba mu bukatar a yi mana dogon bayani kan mutuwa a filin ƙwallo. Ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts da Kotoko a Accra, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi a rufe, mutum fiye da 120 suka mutu a turmutsitsi. Da yawa daga cikin gawarwakin unguwannin zango na Nima da Maamobi a Accra aka kai su. Akwai gidajen da har yau ba sa barin ɗansu ya je kallon wasa. Duk shekara ana taruwa a yi addu'a a ce ba za a sake ba. Shekara 24 bayan haka, har yanzu ana iya shiga harabar filin Firimiya da wuƙa a ƙugu.

Wanda ya ɗauka sababbin ƙa'idoji sun kashe maganar, ƙarshen kakar ya ba shi amsa. Ranar 1 ga Yuni, saura wasa biyu a tashi, Nations FC ta Abrankese, nan kusa da mu, ita ce a saman teburi. Ta je yankin Nzema ta kara da Basake Holy Stars. Aka yi taƙaddama kan bugun fenariti, 'yan Nations suka fice daga fili ba su dawo ba, suka ce an ci zarafin jami'ansu kuma ba su da tsaro. Daga baya kwamitin ladabtarwa ya ce sun yi asarar wasan, ya ƙara zaftare musu maki. Ba na goyon bayan a bar fili, don idan aka buɗe wannan ƙofa duk wanda aka ci zai bi ta cikinta. Amma gaskiya ɗaya ce: wasan da ya fi kowane tasiri a kan wanda zai ɗauki kofi bai kai minti 90 ba. Gold Stars ta yi aikinta, ba ta ƙwaci na kowa ba, sai dai an rage mata daɗin nasarar da ta cancanci ta sha cikakke.

A ƙasan teburi, Accra Lions da Legon Cities suka bi Nsoatreman zuwa rukuni na ɗaya. Swedru All Blacks da Hohoe United da Eleven Wonders suka hau. Great Olympics ta riga ta faɗa tun 2024. Babban birnin ƙasa yana ta rasa kujeru, kuma ba mamaki: ƙungiyar Accra da take karɓar baƙi a babban filin da ba kowa a ciki, ga 'yan sanda ga kyamarori, ba ta da irin gidan da ake tsoro.

Kofin FA shi ne wurin da za a gwada wannan magana, don idan aka yi nisa a cikinsa a filin da ba na kowa ba ake bugawa. Dubi waɗanda suka kai wasan ƙarshe a shekaru ukun nan. A 2023 King Faisal ta Alhaji Grusah, ƙungiyar da zangon Kumasi yake ji da ita, ta kai wasan ƙarshe a shekarar da ta faɗa daga Firimiya, Dreams FC ta doke ta 2 da nema. A 2024 Bofoakwa Tano ita ma ta faɗa, amma sai da bugun fenariti Nsoatreman ta raba ta da kofi. A 2025 kuwa Golden Kick, ƙungiyar rukuni na ɗaya, ta fitar da Hearts a hanya, ta zo ta tsaya gaban Kotoko a filin Jami'ar Ghana da ke Legon ranar 15 ga Yuni. Kotoko ta ci 2 da 1, kofinta na FA na 10, Kwame Opoku ne ya ci duka biyun. Ta biyun fenariti ce a ƙarshen wasa wadda har yau ake musu a kanta, kuma tsakani da Allah, ni da na yi murna a daren ban ga laifin yaran Golden Kick da suka ji an zalunce su ba.

Abin da wannan yake nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin saman Firimiya da ƙasanta, har ma da rukuni na ɗaya, ƙarama ce ƙwarai. Ana iya karanta wannan a matsayin albishir. Ni ina karanta shi da damuwa, don ba na ƙasa ne suka hau ba, na sama ne suka sauko. Ɗan wasan da ya yi kaka ɗaya mai kyau ba ya kwana, ya tafi Tanzaniya ko Sudan ko Libiya ko ƙaramin rukuni a Turai, inda albashin wata guda ya fi abin da zai tara a nan cikin watanni. Wanda ya fi hazaƙa ma ba ya biyowa ta gasar. A zamanin da Mohammed Polo na Nima yake yanka a Hearts, Abdul Razak kuma ya zama gwarzon Afirka na 1978 yana sanye da jar rigar Kotoko, yaron zango da ya iya ƙwallo a idon mutanensa yake girma. Mohammed Kudus, shi ma ɗan Nima, daga makarantar Right to Dream ya wuce Denmak, sai Ajax, sai Ingila, bai buga ko wasa ɗaya a Firimiyar Ghana ba. Abdul Fatawu Issahaku daga rukuni na ɗaya a Tamale ya tashi, ya yi 'yan watanni a matsayin aro a Dreams, sai Fotugal. Ba wanda zai zarge su. Iyayensu ma haka za su so.

Kuɗi ne tushen wannan. Kamfanin caca na betPawa ya sa hannu a 2022 kan dala miliyan 6 na shekara uku, ya janye sunansa daga gasar kafin wa'adin ya cika. StarTimes da take nuna wasannin ita ma ta tafi, aka shiga kakar 2024/25 ba babban mai ɗaukar nauyi. Wanda yake son ya ga inda talauci yake kai ƙungiya, ya tuna Real Tamale United a Yunin 2024: 'yan wasanta suka ƙi bugawa saboda bashin albashi, aka sa wa waɗansu da ba su da rajista riguna suka shiga fili da sunayen wasu, Dreams ta ci su 8 da 1. Ƙungiyar da ba ta iya biyan ɗan wasa ba za ta gina katanga ko ta ɗauki masu gadi horarru ba. Kuma gasar da ba a nuna yawancin wasanninta a talabijin, abin da ya faru a ƙaramin fili a wurin yake mutuwa, sai dai labarin baki.

Sai jarrabawa ta ƙarshe, wato Afirka, inda ƙaramin gari yake rasa makaminsa tun kafin a busa usur. CAF ba ta amince da irin filayen Bibiani da Samreboi ba, don haka zakaran Ghana sai ya kwashe kayansa ya je Accra ya karɓi baƙo, shi ma baƙo. Samartex ta wuce Victoria United ta Kamaru, Raja ta Maroko ta tsayar da ita. Gold Stars ta haɗu da JS Kabylie ta Aljeriya a Satumban 2025, aka ci ta 2 a Accra, aka ƙara mata 5 a can. Kotoko ta fitar da Kwara United ta Najeriya gida da waje, Wydad ta Maroko ta mayar da ita gida. Akwai waɗanda suka yi abin a yaba: Medeama ta shiga matakin rukuni na kofin Zakaru a kakar 2023/24, Dreams kuma, a hannun shi wannan Zito, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Confederation, ta riƙe Zamalek canjaras a Alƙahira kafin a ci ta 3 a Baba Yara. Abin lura, Dreams ba ta cikin masu dogaro da taron gida. Amma kofin nahiya na ƙarshe da ya shigo Ghana shi ne Confederation na 2004, wanda Hearts ta karɓa a hannun Kotoko a nan Kumasi. Yaron da aka haifa a lokacin yanzu ya isa aure.

Bayan kakar, GFA ta sanar da sidi miliyan 1 ga kowace ƙungiyar Firimiya, da sidi miliyan 2 ga zakara, da mafi ƙarancin albashi na sidi 1,500 a wata ga ɗan wasa. Mataki ne mai kyau, ban raina shi ba, musamman na albashin, idan har za a bi a tabbatar ana biya. Maganar hukuma mai cin gashin kanta ma tana da ma'ana, kodayake sauya wanda ke zaune a ofis ba ya sauya abin da alƙalin wasa yake gani a bayan waya. Abin da na fi so in gani shi ne a cire tsaron alƙali da na baƙo daga hannun mai gida gaba ɗaya, a kawo jami'ai daga wani gari, gasar ta biya su daga asusunta. A ɗauki kowane wasa a bidiyo daga farko har ƙarshe. Filin da ba shi da hanyar fita ta daban ga alƙalai da baƙi kada a ba shi lasisi, ko na wane ne, ko da mai ƙungiyar yana da ƙuri'a a babban taro. Kuma hukuncin taɓa alƙali ko baƙo ya zama zaftare maki nan take, ba tara ba, don tara mai kuɗi ne yake biya ya manta, maki kuwa duk garin ne yake jin zafinsa, har dattawa su tashi su tsawata wa yaransu.

Ba za a ce ikon yin haka babu ba. A Yulin 2021 Ashanti Gold ta ci Inter Allies 7 babu ko ɗaya, wasan da ɗan bayan Allies, Hashmin Musah, ya ci gidansu sau biyu da gangan, ya ce ya yi ne don ya ɓata sakamakon da aka shirya. A 2022 hukumar ta jefa ƙungiyoyin biyu rukuni na biyu, mataki na uku a tsarin ƙasa, duk da cewa Ashanti Gold tana da kofin gasa 4 da dukan Obuasi a bayanta. Hannun da ya iya yin wannan saboda an sayar da wasa zai iya ƙwace maki 6 daga ƙungiyar da aka fasa wa alƙali kai a filinta, tun a wasan farko da abin ya faru, ba sai an kai ga ɗaukar gawa ba.